Famfon da Ya Kama Iya

Laraba, bayan azahar

Sun ƙwace birikena, laitar kunna wuta. Ba biriken kansa ba, ɗan abin cikinsa mai yin ƙyas, wanda nake ɗosana wa mutum a ƙeya ya yi tsalle ya zage ni. Baba ya zazzage jakata a tsakar gida, gaban 'yan haya, ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera ya nuna wa kowa. Bai doke ni ba. Da dukan ya yi da na fi samun barci. Cewa ya yi daga yau ƙafata ba ta wuce ƙofar gida, hannuna ba ya taɓa waya ko ta caji ce. Tarhona ma yana aljihunsa.

Ni Jalilu, da ba lungun Bromakoté da bai san muryata ba, ga ni a ɗakin buhuna ina rubutu a kan gwiwa. Da ajami nake yi. Ƙanwata Laila lakkol ta yi, boko zalla, in ta leƙo sai ta ɗauka addu'a nake rubutawa. Ashe makarantar allo ta bar mini wani abu ban da tabon bulala.

Iya Tsahara tana kilinik a Treichville tun shekaranjiya. Ba wanda ya gaya mini yadda take.

Laraba, bayan la'asar

Na tambayi Inna jikin Iya. Ta wuce da bokitinta kamar bango ne ya yi magana.

Alhamis, da hantsi

Iya ita ta haifi Baba, ni kuma ni ne mijinta tun ina rarrafe. Ita ta ce, ba ni ba. Kowa a gidan nan ya san yaƙinmu. Na zuba mata gishiri a shayi, ta ɗinke mini ƙafar wando ranar sallah. Na ɓoye mata carbi a tukunya, ta sa takalmana a firigon Inna suka daskare tare da bisap, wato zoɓo. Da na samo abin biriken nan ita na fara gwadawa, ta bi ni da muciya har bakin titi tana cewa yau sai liman ya raba auren.

Ranar Litinin ana kiran magariba ta fito alwala, ba takalmi, yadda ta saba. Ina zaune kan benci. Ta kama famfo. Ta yi wata irin ƙara, jikinta ya sandare, hannun ya ƙi saki, sannan ta faɗi ta gefe kan siminti.

Na yi dariya.

Na ɗauka ramawa take yi. Wallahi na ɗauka kwaikwayo take, don ranar da safe na ɗosana mata abin a kunne. Har tafi na yi. Mutane suka fito suka tarar da ita a ƙasa, ni kuma ina tafi.

Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Alhamis, bayan magariba

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, Baba ya tada gurup, janaretanmu, da kansa. Da ni ke jan igiyar. Ina jin sa daga nan yana ja yana tari, sai a ja na nawa ya tashi, sannan ya je ya murɗa hannun akwatin wuta na bango, fitilu suka kama.

Tun ranar Litinin famfon bai ƙara cizon kowa ba. Wannan ma ya zama hujja a kaina. Matar mai haya ta ce wa Inna, da ƙarfi don in ji, ai an ƙwace kayan aikin shaiɗan, famfo ya shiryu.

Juma'a, bayan masallaci

An fitar da ni kamar akuyar da za a kai wanka. Baba a gaba, ni a baya. Duk wanda ya tare mu sai ya ce wa Baba yako, wato sannu, ya tambayi jikin tsohuwa, sannan ya dube ni ya ɗauke kai. Abokaina na gareji suna tsallaken titi, ɗaya ya ɗaga hannu, na yi kamar ban gani ba.

A hanyar dawowa na ji Baba yana gaya wa wani cewa ƙashin ƙugu ne ya tsage, tafin hannun ma ya ƙone. Ta haka na sani. Abin birike ba ya ƙona tafin hannu. Ko tururuwa ta fi shi cizo. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ƙeyar Baba, na rufe.

Asabar, da hantsi

Bari in rubuta maganar akwatin, tunda ba ni da aikin yi sai kallon buhun shinkafa.

Watan jiya ɗauke wuta ya yi yawa, ƙanƙarar Inna tana narkewa, Baba ya sayo gurup. Ya kira Kailu mai aikin wuta, wanda ke da shago kusa da kasuwar Treichville, ya sa mana akwati a bango kusa da mita. Shi yana ce masa anbersar. Aikinsa ya raba wutar kamfani da ta gurup kada su gamu: ka murɗa sama, ta kamfani, ka murɗa ƙasa, ta gurup. Na tsaya kansa ranar ina tsokanarsa, har na ɓoye masa filaya cikin buta. Bai yi fushi ba, ya ce in riƙe masa tsani in daina yawo.

Ya nuna mini wayoyi biyu da akwatin ke yankewa tare. Sannan ya nuna mini ta uku, kore da rawaya, ya ce wannan ba a yanke ta har abada. Ya bi da ita duk inda ake soka filogi a gidan, ya kama jikin akwatin da ita, ya kama jikin gurup, sannan ya fito da bakinta tsakar gida. Ya ce sauran abu ɗaya: sandar jan ƙarfe da ya zo da ita, ta fi ni tsawo, sai an kafa ta cikin ƙasa an ɗaure wayar a kanta. Pike yake ce mata. Ya ce kuran in ya ɓata hanya ƙasa yake nema, in ba a yi masa hanya ba sai ya bi ta jikin mutum.

To ina ƙasa a gidanmu? Ko'ina siminti. Rabin tsakar gidan ramin masai ne a ƙarƙashi, ɗaya rabin mai gidan da muke haya ya ce wanda ya fasa masa daɓe ya kwashe kayansa. Ƙasa ɗaya ce: ta Iya, gindin zogale, ba ta fi tabarmar sallah biyu ba. Nan muke zuba ruwan wankin allo tun muna yara, don ba a zuba shi a kwata. Nan ake binne takardun karatu in sun yage. Nan Iya ta binne cibiyar duk jikan da aka haifa a gidan nan, har tawa.

Kailu ya taka wurin ya ce madalla, ga danshi, ba inda ya fi nan. Baba ya ce ƙarfe ba zai shiga inda ayoyi suka shiga ba. Kailu ya ce to aiki bai ƙare ba, kada a kunna komai. Baba ya ce gurup nawa ne a nan Adjamé, wa ya taɓa ganin an yi musu kabari. Magana ta yi zafi. Baba ya ce ya fita, kada ya ƙara tako masa gida. Kailu ya naɗe bakin wayar, ya rufe ta da salatif, ya rataye a ƙusa, ya jingine sandar bayan ƙofa ya tafi. Iya tana gidan biki ranar, ba wanda ya tambaye ta.

Sandar tana nan bayan ƙofa. Wayar ba ta kan ƙusa.

Asabar, bayan la'asar

Na san inda take.

Lahadi, da safe

Ina da tantabaru a saman ɗaki. Yanzu ma an hana ni hawa, Laila ke watsa musu gero tana ƙunƙuni. Wata safiya, kafin abin Iya, na hau bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Na ga mutum ya fito, ya sauke wayar daga ƙusa, ya warware ta, ya bi da ita gindin bango. Ya janye bulon da ake ɗora bokiti, ya kankare bututun famfo da wuƙa har ya yi ƙyalli, ya yi bisimilla, ya naɗa ta, ya matse, ya mai da bulon. Na ji yana cewa a hankali, shi kaɗai, ai bututu ma cikin ƙasa ya shiga.

Ban ga fuskarsa ba.

To, na gani. Ban rubuta ba ne.

Ban ma san ko ita ce ba. Waya ce kawai. Ni me na sani, izu nawa ne a wutar lantarki?

Litinin, bayan azahar

Baffa Rabilu, ƙanen Baba, ya zo daga Treichville. Sun shiga ɗaki sun rufe. Da suka fito aka kira ni. Baba bai dube ni ba, zobensa yake murzawa, na azurfa mai jan dutse, yadda yake yi in yana lissafi. Baffa ne ya yi magana. Ya ce an yanke shawara zan tafi Madawa, wurin wani kawun Baba, in yi noma in ƙara karatu har hankali ya zo. Motar tana tashi Asabar ta sama. Kafin nan zan zauna wurinsa a kasuwa, don Inna ta ce ba ta iya haɗiye abinci in tana ganina.

Madawa. A Adjamé Saint-Michel aka yi awon cikina, a Bromakoté aka yanka mini rago. Nijar a bakin tsofaffi na san ta. Na ce wa Baffa ko garba, dambun rogo da soyayyen kifi, ana sayarwa a can? Wasa na yi, bakina ne ya riga ni. Ba wanda ya yi dariya.

Na dubi hannun Baba. Na daɗe ina dubansa. Ya sa shi cikin aljihu.

Talata, da yamma, Treichville

A gbaka, ƙaramar motar haya, muka zo, Baffa yana riƙe da gefen rigata kamar zan yi tsalle in faɗa ruwa daga kan gada. Ya sa ni a mangazarsa, shagon ajiyarsa na bayan kasuwa, cikin dilolin atamfa. Aikina in ɗauko in miƙa, in ninke in mayar. Nan zan kwana tare da mai gadi. Taga ɗaya ce, tana sama, ƙafafun mutane kawai nake gani a matakala.

An sallamo Iya, tana gidan Baffa, bene na sama, tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi ba daga nan. Matarsa Tanti Zaituna ta ce in na tako matakalarta sai ta watsa mini ruwan zafi. Bakanuwa ce, in ta faɗa tana yi.

Laraba, da hantsi

Ɗauko. Miƙa. Ninke. Mayar.

Laraba, bayan la'asar

Wata mata ta sunkuya tana duba zane, ƙeyarta a buɗe, ga zaren atamfa a hannuna. Da a da ne. Na ajiye zaren.

Alhamis, bayan azahar

Fankar mangaza ta tsaya, Baffa ya aika a kira mai gyara, sai ga Kailu. Ya gan ni ya ce ɓarawon filaya, me ya kawo ka kurkuku? Ya riga ya ji labarin, Treichville kaf ta ji.

Da Baffa ya fita sallah na riƙe masa tsani. Na ce wani abokina ne yake tambaya, in mutum ya ɗaure kore da rawayar nan a bututun famfo fa, ai bututu ma cikin ƙasa ya shiga. Ya sauko daga tsanin gaba ɗaya. Ya ce bututun gidanmu ƙarfe ne daga famfo zuwa gindin bango kawai, daga nan roba ce, ya gani da idonsa. Roba ba ta kai kuran ko'ina. Sai ya tambaye ni ko akwai abin da ke cizo a gidan tun da can.

Firigon Inna. Shekara da shekaru yana cizo, shi ya sa ta naɗe hannunsa da tsumma.

Ya ce to shi ke nan. Da cizon a jikin firigo yake tsayawa. Yanzu an yi masa titi har bakin famfo, ya je ya zauna yana jiran mai jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ya ce me ya sa bai ƙara kama wani ba? Sai na tuna. Tun daren da aka kai Iya kilinik Inna ta zare filogin, ba ta da sukunin yin ƙanƙara.

"Wa ya ɗaure ta?"

Na ce aljani.

Ya dube ni, ya ce aljanin yana da tarho? Ya fitar da nasa ya kira Baba a gabana. Ina jin muryar Baba ƙanana daga ciki. Kailu bai gama sallama ba Baba ya ce gidansa lafiya lau, an gano mai laifi, ya kashe. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya ce zai je shagon Baba da ƙafarsa, amma ni in nemi matan gidan, kada kowa ya mai da filogin nan.

Alhamis, kafin magariba

Mai gadi ya ara mini tarhonsa. Na kira Laila. Na ce kada Inna ta kunna firigo, kada kowa ya taɓa famfo ba takalmin roba, a ɗebo ruwa a maƙwabta. Ta ce da Faransanci wai wannan sabon wasan ya sunansa. Na ce na rantse da Alƙur'ani. Ta ce haka na rantse ranar da na sa mata ƙadangare a jakar lakkol. Gaskiya ne, na rantse ranar.

Ta ce in da gaske ne in faɗi abin da ya haɗa firigo da famfo. Na ce waya. Ta ce wa ya sa wayar, in ba kai ba?

Na ce ki dai sa takalmi, Laila, don Allah. Ta kashe.

Juma'a, da yamma

Kailu ya je. An ce masa Alhaji ba ya nan, alhali yana hango takalmansa.

Asabar

Atamfa tana da wari. Ban sani ba sai da na kwana cikinta. Warin yana bina har cikin sallah.

Lahadi, bayan azahar

Kasuwa ba mutane. Na zauna ina lissafa waɗanda za su je famfon yau. Inna. Laila. 'Ya'yan mai haya, ƙaramarsu ba ta san takalmi ba. Baba ma, sau biyar.

Kalma ɗaya ce. In faɗe ta a gaban Baffa, a fasa Madawa. Sai kuma me? Adjamé kaf ta ji cewa Baba, Alhaji Shamsuddin, ne ya, a'a. Ban rubuta ba. Malam ya koya mana ko tsaki ba a yi wa uba. Bai koya mana abin da ake yi in famfo yana jira ba.

Kuma ko na faɗa, wa zai yarda? Ni ne fa.

Litinin, da hantsi

Ba wanda ya kira.

Talata, bayan la'asar

Laila ta kira tarhon mai gadi. Da farko ban gane muryar ba. Zafi ya yi yawa, masu sayen ƙanƙara sun dami Inna, ta mai da filogi da safe. Da azahar Laila ta je wanke kwanoni. Famfon ya fizge ta har gwiwar hannu, ta ce hannun kamar ba nata ba har yanzu. Tana da takalmin roba a ƙafa. Ta ce ba don ni ta sa ba, ƙasa ce da zafi. Sannan ta fashe da kuka, ta ce Yaya. Rabon da ta ce mini Yaya tun tana goyo.

Inna ta zare filogin, an ɗaure famfon da buhu. Matar mai haya ta ce mutanen gindin zogale ne suka yi fushi da sandar da aka shigo da ita gidan. Na ce Baba fa? Ta ce ya tsaya ya daɗe yana kallon wajen bulon bokiti, ya shiga ɗaki, bai ci abinci ba.

Laraba, da safe

Na tambayi Baffa ko ya ji. Ya ce ya ji. Na ce ina Treichville fa aka yi wannan. Ya ce shi ma ya lura. Na ce to Madawa? Ya sosa gemu, ya ce Yaya bai ce a fasa ba. Ya sayo mini bargo ma, wai can akwai sanyi.

Baba ya sani. Ya san na sani. Duk da haka Asabar.

Alhamis, bayan azahar

Tanti Zaituna ta tafi gaisuwar mutuwa, yarinyar da ke kai abinci ba ta zo ba, Baffa ya miƙo mini kwanon ya ce in kai in dawo kafin ya gama ƙirga dila. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Iya tana kwance kusa da taga, ta zama ƙarama, hannun dama a naɗe. Na tsaya a ƙofa da kwano.

"Mijina, gawar ka zo gani? Ka yi sammako, ban gama ba."

Na durƙusa. Abin da na shirya faɗa duk ya gudu. Na ce Iya, na yi dariya. Ta ce ta ji ni, kuma muryata ba daɗi, kamar ta jaki mai mura. Na ce ba ni ba ne. Ta ce in rufe mata baki, ita ta san cizon abina, ta sha shi a kunne da wuya, wannan kuwa kama ta ya yi ya ƙi saki.

Sai ta ce tagarta ta gida tana kallon famfo, kuma ita ba ta komawa barci bayan asuba. Ta ce ta ga tantabaru, ta ga mai tantabaru, ta ga abin da mai tantabaru ya gani. Ba ta san me ake ɗaurawa ba a lokacin, ta sani ne tana ƙasa.

Na ce to me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce kai me ya sa? Sannan ta ce jira take Ɗan Azumi ya zo da ƙafarsa ya faɗa mata. Ita kaɗai ke kiran Baba haka. Ya zo duba ta kullum, ya kawo lemo, ya zauna yana murza zobe, ya tashi. Ta ce tun yana yaro in ya fasa tulu sai ya share gidan duka, amma ba zai ce ya fasa ba.

Na gaya mata Laila. Ba a gaya mata ba. Na gaya mata Asabar. Wannan ma ba a gaya mata ba. Sai ta ce in buɗe kwanon, in kuma ɗanɗana a gabanta, don ba ta yarda da ni kan gishiri ba.

Juma'a, bayan magariba, Bromakoté

Ina ɗakin buhuna.

Da safe ta ce wa Baffa a kai ta gidanta. Ya ce likita ya hana. Ta ce likita ne ya shayar da shi? Bayan masallaci muka sauko da ita a kujerar roba, ni da mai gadi, aka sa ta a taksi. Ta ce a biya a ɗauki mai sandar. Kailu ya shigo gaba da jakarsa, ya ce shi fa an hana shi gidan. Ta ce wanda ya hana shi a bayanta ya yi fitsari.

Aka ajiye ta gindin zogale. Gidan duka ya fito. Baba ya fito da carbi a hannu, ya ga Kailu, ya gan ni, ya ce Iya me ya sa aka wahalar da ke. Ta ce a kawo sandar. Baba ya fara maganar ruwan allo. Ta ce ruwan allo ƙasa mai tsarki yake so, ƙarfe kuwa ba najasa ba ne, kuma ƙasar nan ita ta roƙi mai gida ya bar mata tun Baba bai fara gemu ba. Ta nuna da sandarta, nan Laila, nan wane, nan wane, nan wannan mara kunyar. Sannan ta nuna kusurwa can jikin bango, ta ce nan ba kowa, ta ajiye wa ɗan Jalilu ne, amma tunda ba mai aurensa sai ita, wurin ya zama banza.

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai ta ce, ba ta dubi kowa ba: "Wanda ya ɗaure waya a famfon nan alheri ya nufa. Ni ta kama, ni na yafe. A kwance ta."

Ba wanda ya motsa. Kailu ya je ya kashe wutar gidan duka. Ina jin gbaka suna hon a titi. Matar mai haya ta ce wace waya kuma?

Baba ya miƙa wa Inna carbinsa. Ya tafi kai tsaye, bai nema ba, bai duba ko'ina ba. Ya durƙusa da farar rigarsa ta Juma'a a jiƙaƙƙen siminti, ya janye bulon, ya warware ta. Ya daɗe, don ya matse ta sosai. Inna ta sa hannu a baki. Ya taso ya miƙa wa Kailu bakin wayar da hannu biyu.

Kailu ya tsaida sandar a kusurwa, ya ce sai mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya hau benci ya buga. Baffa ya matso. Iya ta ce a'a.

"Ɗan Azumi, riƙe. Mijina, buga."

Gudumar tana da nauyi, kan sandar bai fi babban yatsa ba. Baba ya cire zobensa ya sa a cinyar Iya, ya kama sandar da hannu biyu, ɗan ƙasa da inda gudumar za ta sauka. Na hau benci. Daga sama ina ganin furfurar tsakar kansa, ban san ta yi yawa haka ba. Duk gidan suna kallon Jalilu da guduma bisa yatsun ubansa.

Ya ɗago ya dube ni. Rabon da ya dube ni tun ranar.

"Buga," ya ce.

Ban kuskure ba. Tana nutsewa yana sauke hannu, ina sauka daga benci, har muka ƙare dukanmu a durƙushe, gwiwa da gwiwa. Kailu ya ɗaure wayar da maƙalin tagulla, ya auna da na'urarsa, ya sa aka zuba ruwa ya sake aunawa, ya ce ta yi. Ya duba ɗaurin jikin gurup, ya ƙara wani ƙaramin makashi cikin akwatin, wai shi da ya ji kuran ya ɓata hanya zai yanke kafin mutum ya ce wayyo. Da aka soka firigo kuwa nan take ya yanke. Ya ce wa Inna ko a gyara shi ko a yi masa sallah.

Iya ta ce a kai ta famfo. Muka ɗaga kujerar. Ta kama shi da hannun hagu, ta buɗe, ta yi alwalar la'asar.

Baba bai ce komai kan Madawa ba. Jakata tana nan a ɗaure, ga bargon a kai.

Asabar, da hantsi

Da asuba na zauna kusa da jakar da takalma a ƙafa. Na ji Baba ya fito, ya yi alwala, ya tsaya a ƙofar ɗakin buhuna. Ya ce tantabarun nan sun rame, wa ke ba su abinci? Ya wuce masallaci.

Yanzu rana ta ɗaga, motar ta yi nisa. Laila ta kawo mini shayi, ta ce Iya ce ta haɗa da hannunta, kuma tana kallo ta taga.

Gishiri ne kamar ruwan teku. Na shanye duka.